Mashayar tiki, farfajiyar otal, liyafar luau ko motar abinci: ina za ka ci ka sha idan ka sauka Oahu?

Wanda ya sha wahalar neman biza, ya kwana biyu yana sauya jirgi har ya sauka Honolulu, babban birnin Hawaii da ke tsibirin Oahu, ba zai so ya koma gida bai ɗanɗana abin da ake ta ba da labarinsa ba. Hotunan kuwa kowa ya gan su: kofi mai fuskar gunki, yankan abarba a bakinsa, ƙaramar lema ta takarda, rana tana faɗawa cikin teku a baya. Matsalar ita ce kwanakin ba su da yawa, dala kuma ba ta tsaya jiran kowa. Da yamma ta yi sai mutum ya tsaya a titin Kalakaua da ke Waikiki, unguwar otal-otal ta bakin teku, yana tunani: mashayar tiki mai adon tsibiran Polinesiya zan shiga, ko in zauna a farfajiyar otal a bakin ruwa, ko in biya kuɗin luau, wato liyafar gargajiyar Hawaii, ko kuwa in hau mota in bi masu sayar da abinci na gefen hanya?

Na shiga duka huɗun, kuma ni ba na shan giya, ba na cin alade. Da wannan idon zan auna su, amma zan faɗi abin da ya shafi mai sha a inda ya kamata.

Abubuwan da zan duba guda biyar ne. Na farko kuɗi, har da haraji da tukuici, domin farashin da ke rubuce a takardar abinci a Amurka ba shi ne abin da za ka biya ba: a Oahu ana ɗora kusan kashi 4.7 cikin ɗari na haraji, kuma inda aka kawo maka abinci a tebur ana sa ran tukuicin kashi 18 zuwa 20. Na biyu ƙoshi da ɗorewa, wato ko za ka tashi da cikinka cike, da kuma abin da zai rage maka bayan ka tashi. Na uku sauƙin zuwa. Na huɗu haɗari, kuma a nan babban haɗarin shi ne barasa da naman alade da ke ɓuya inda ba ka zata ba. Na biyar, wanda ni ya fi damuna, shi ne ko abin da ka ci na tsibirin ne da gaske.

Mashayar tiki

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne mashayar tiki ba a Hawaii aka haife ta ba. A Kalifoniya aka ƙirƙiro ta. Wani mutum mai suna Ernest Gantt, wanda daga baya ya koma Donn Beach, ya buɗe wurin da aka sani da Don the Beachcomber a Hollywood lokacin da aka ɗage dokar hana giya a Amurka a 1933. Ya cika ɗakin da gora da tarun kamun kifi da tarkacen da ya tsinto a yawonsa na teku. Victor Bergeron ya ga abin ya burge shi, ya mai da ƙaramar mashayarsa ta Oakland ta zama Trader Vic's, kuma a can ne ya ce ya fara haɗa abin shan nan Mai Tai a 1944. Barasar da ake haɗawa da ita, wato ram da ake yi daga rake, ta tsibiran Karibiyan ce. Abincin kuma yawanci girkin masu dafa abinci 'yan China ne da aka sauya wa suna. Ado ne kawai aka aro daga Polinesiya. Sojojin da suka dawo daga yaƙin Fasifik bayan 1945 da shigar Hawaii cikin jihohin Amurka a 1959 su suka hura wutar abin har ya game ƙasar.

Wannan bai sa wurin ya zama banza ba. Idan ka je La Mariana Sailing Club, a gefen Sand Island, za ka ga abin da nake nufi. Wata mata mai suna Annette Nahinu ce ta kafa shi a shekarun 1950, kuma da tsoffin mashayun tiki na Honolulu suka riƙa rufewa sai ta riƙa kwaso kayansu. Hanyar zuwa ta ratsa unguwar masana'antu da ɗakunan ajiye kaya, har ka fara zaton direba ya ɓata. Sai ka shiga ka tarar da fitilun da aka yi da busasshen kifin nan mai kumbura, ƙwallayen gilashi na masunta rataye cikin raga, kujerun kaba masu faɗin baya, jiragen ruwa a ɗaure kusa da tebur suna ɗan lilo. Na zauna can fiye da awa biyu, rabin lokacin ina kallon rufi ne. Wuri ne da ido ke ƙoshi.

Ciki fa? A nan ne sai an yi hattara. Abin sha na tiki daga tushe a kan barasa aka gina shi. Mai Tai na asali ram ne da lemun tsami da wata barasa mai ƙanshin lemu da ruwan sukari na almon da ake kira orgeat. Idan aka cire barasar, abin da ya rage ba shi da yawa, shi ya sa mai haɗi malalaci zai zuba maka ruwan abarba da na lemu ya saka lema ya karɓi dala goma. Mai haɗi da ya san aikinsa kuwa zai haɗa maka lemun tsami da aka matse yanzu, zuma ko ruwan kirfa, citta, da lilikoi, wani ɗan itace mai tsami da ƙanshi, a kan niƙaƙƙiyar ƙanƙara, ka sha ka ji lallai an yi aiki. Bambancin wuri mai kyau da mara kyau ga wanda ba ya sha a nan yake, kuma za ka gane shi tun daga takardar: idan akwai sashe na musamman na abin sha maras barasa mai sunaye uku ko huɗu, sun yi tunaninka.

Abin da ya faru da ni a wata mashaya a Waikiki ya isa darasi. Na ce wa mai haɗin ba na son barasa ko kaɗan, ya gyaɗa kai, ya haɗa abu mai kyau a gabana. Da ya gama sai ya ɗauko wata 'yar kwalba mai takardar da ta fi ta tsawo, ya girgiza ɗigo uku a saman ƙanƙarar. Na san kwalbar, domin ita ce ake ɗigawa a cafman a otal-otal na gida: Angostura, kuma kashi 44.7 cikin ɗari na abin da ke cikinta barasa ce. Shi a wurinsa kayan ƙanshi ne kamar kanumfari, bai ɗauke ta giya ba. Na yi masa bayani, ya ba da haƙuri ya sake wani. Da a tebur nake zaune nesa da shi, da na shanye ban sani ba. Tun daga ranar nake zama kusa da inda ake haɗin, kuma ina ambatar abubuwa biyu da sunansu: kada a sa bitters, wato irin Angostura ɗin nan, kada a sa falernum. Shi falernum ruwan citta ne da lemun tsami da kanumfari, akwai mai barasa akwai maras ita, kuma ba za ka bambance su da ido ba.

Abincin ma haka. Farantin da suke kira pupu, wato ƙananan abubuwan taɓawa, yakan zo da haƙarƙarin alade, da rumaki, wanda hantar kaza ce da aka naɗe da naman alade, da ɗan soyayyen ƙunshi mai kaguwa da cuku. Jatan lande da aka soya da kwakwa da gasasshen kifi su ne mafita, amma tambayi ko man suya ɗaya ne da na sauran. Ka ware dala 40 zuwa 60 ga mutum ɗaya idan za ka ci ka sha, kuma kada ka yi mamaki idan ka koma masauki kana neman burodi.

Ga mai shan giya, gargaɗi ɗaya ne. Zaƙi da sanyi suna rufe ƙarfin abin. Zombie na Donn Beach ram kala uku ne a kofi ɗaya, ɗaya daga ciki ya haura kashi 75 cikin ɗari, har shi mai wurin ya kafa dokar kada a ba mutum ɗaya fiye da biyu. A dokar Amurka sai ka kai shekara 21 za a sayar maka da giya, kuma za a nemi fasfo ko da furfura a kanka. Bayan ka sha, babu tuƙi, babu shiga teku.

Saura batu biyu da kowa zai auna da zuciyarsa. Malamai da yawa sun hana zama a teburin da ake shan giya, wasu ma shiga wurin gaba ɗaya suke ƙi, kuma mashayar tiki ko ta haɗa da gidan abinci sunanta mashaya. Na biyu fuskokin da ke jikin kofunan da ginshiƙan. An kwaikwayo su ne daga sassaƙen da mutanen Hawaii ke kira ki'i, siffofin abubuwan bautarsu na dā irin su Ku da Lono. Musulmi zai ji nauyin ya sayi kofin ya kai gida ya ajiye a falo, kuma akwai 'yan asalin tsibirin da ke jin zafin a mai da abin da kakanninsu suka girmama kofin giya. Dalilan sun bambanta amma sun haɗu a wuri ɗaya, ni kuma ban sayi kofin ba.

Wanda bai da niyyar zuwa Hawaii ya sani cewa ba abin da zai rasa ta wannan fannin. Tonga Room da ke otal ɗin Fairmont a San Francisco tana nan tun 1945, da tafki a tsakiyar ɗaki da ruwan sama na ƙarya da ake saki lokaci-lokaci. Mai-Kai tana Fort Lauderdale tun 1956. Masu zuwa Dubai da Abu Dhabi sayayya ma za su tarar da rassan Trader Vic's a can.

Farfajiyar otal a Waikiki

Nan ba duhu da tarkace, sarari ne da iska. Royal Hawaiian, otal ɗin nan mai launin hoda da aka buɗe a 1927, yana da mashaya a kan yashi, kuma ta hanyar otal-otal na kamfanin Matson irinsa ne Mai Tai ya shigo Hawaii a 1953. A otal ɗin da yanzu ake kira Hilton Hawaiian Village ne Harry Yee ya haɗa shuɗin abin shan nan Blue Hawaii a 1957. A Halekulani kuma ana kiɗa da rawar gargajiyar Hawaii da ake kira hula da yamma a gindin bishiyar kiawe, wadda dangin ƙiryarmu ce.

Kuɗin da za ka biya na kujera ne da faɗuwar rana. Abin sha maras barasa a nan ya fi sauƙin samu, domin iyalai da yara suna zuwa, kuma pina kolada ba tare da ram ba abu ne da ake haɗawa sau ɗari a rana: madarar kwakwa, abarba, ƙanƙara. Shi ma dai ba ɗan tsibirin ba ne, daga Puerto Rico ya zo. Da kofi ɗaya da ɗan abin taɓawa za ka tashi a dala 30 zuwa 40, cikakken abincin dare kuwa yana iya kai ka 80 ko fiye. Idan masaukinka a Waikiki yake, da ƙafa za ka je. Ka isa awa ɗaya kafin rana ta faɗi in kana son kujerar gaba, kuma ka tuna lokacin da kallo ya fi daɗi shi ne lokacin magariba, tsakanin wajen ƙarfe shida saura da bakwai da kwata gwargwadon watan da ka je, don haka ka yi alwala tun daga ɗaki ka san inda za ka yi salla. Giya tana kan kowane tebur da ke kewaye da kai, kuma bakin ruwa ne, shigar mutane shigar wanka ce.

Liyafar luau

Wannan yana da tushe na gaske. A dā dokar kapu ta hana maza da mata cin abinci tare, ta kuma hana mata wasu abinci kamar ayaba da kwakwa da alade. A 1819 Sarki Kamehameha na biyu ya zauna ya ci tare da mata a bainar jama'a, dokar ta rushe. Sunan luau kansa na ɗanyen ganyen gwaza ne da ake dafawa da madarar kwakwa. Abin da ake sayar wa baƙi yau ya zama sana'a, mutum ɗari uku a dogayen tebura, amma abincin da ke kan teburin yana da asali.

Sai dai sarkin teburin alade ne. Ana haƙa rami da suke kira imu, a zafafa duwatsu, a shimfiɗa ganyen ayaba, a kwantar da alade guda, a rufe shi ya kwana ko ya wuni yana turaruwa, sannan a tono shi a gaban baƙi ana tafi. Laulau ma, ƙunshin ganyen gwaza, yawanci da alade a ciki. Wanda ba ya ci ya biya kuɗin babban abin da ba zai taɓa ba. Abin da ya rage masa ba kaɗan ba ne: kifi, kaza, dankali mai launin shunayya, lomi salmon wanda kifi ne mai gishiri da aka murza da tumatir da albasa, haupia mai kama da daskararren kunun kwakwa, da poi. Poi gwaza ne da aka dafa aka kirɓa aka dama da ruwa har ya yi yauƙi. Baƙi da yawa suna lasa su ture, saboda ba sukari ba gishiri, kuma idan ya kwana yana tsami. Bahaushe da ya tashi da kamu da tuwo ba zai sha wannan wahalar ba. Ka haɗa shi da kifin mai gishiri a loma ɗaya, nan take za ka gane matsayinsa matsayin tuwo ne, kifin kuma miya. A layin ɗibar abinci ka lura da cokula, don mutane suna ɗaukar na wannan tire su tsoma a wancan. Shiga layi da wuri ya fi.

Luau iri biyu ne ta fuskar giya. Yawancin na otal-otal suna haɗa tikiti da kofi biyu ko uku na barasa, ko ka sha ko kada ka sha ka biya. Polynesian Cultural Center da ke Laie kuwa ba a sayar da giya a cikinta sam, domin cocin Mormon ce ta kafa ta a 1963, kuma yawancin ma'aikatan ɗaliban jami'ar da ke makwabtaka da ita ne, suna aiki don biyan kuɗin karatu. Akwai ƙauyuka shida na nuni, na Hawaii, Samoa, Tonga, Fiji, Tahiti da Aotearoa (wato New Zealand), inda za ka ga yadda ake fere kwakwa da tsinin itace da yadda ake kunna wuta da murza kara, da dare kuma a yi wasan da ya haɗa da rawar wuƙa mai wuta ta Samoa. Ga mai iyali wannan ne wurin da hankali ya fi kwanciya. Ba a buɗewa ranar Lahadi. Alade dai yana nan a teburinsu.

Tsada ita ce babbar matsala: dala 150 zuwa 250 ga babba abu ne da aka saba gani, kuma sai an kama wuri kwanaki kafin ranar. Laie tana da nisan kusan kilomita 55 daga Waikiki, fiye da awa ɗaya a mota. Kada ka sa shi a daren farko ko na biyu. Hawaii tana bayan Najeriya da Nijar da awa 11, ƙarfe takwas na dare a can bakwai na safe ne a jikinka bayan ka kwana ba barci, kuma na ga mutane suna gyangyaɗi a kujerar da suka biya dala ɗari biyu.

Motocin abinci da ƙananan shaguna

Idan tambayarka ita ce me mutanen tsibirin ke ci, amsar tana nan. A ƙarni na 19 da farkon na 20 gonakin rake da abarba sun kwaso leburori daga China, Japan, Fotugal, Koriya da Filifin. Da rana ta take sai kowa ya buɗe kwanonsa, a yi musayar miya a kan shinkafa. Daga nan aka sami farantin rana da ake sayarwa ko'ina yau: curi biyu na shinkafa, curi ɗaya na makaroni da mayonis, da nama ko kifi. Rainbow Drive-In da ke Kapahulu tana sayar da shi tun 1961, kuma daga ƙarshen Waikiki da ƙafa ma ana zuwa. Helena's da ke Kalihi tana dafa abincin Hawaii na gargajiya tun 1946, a can za ka ci poi da lomi salmon da haupia irin na luau a kan kaso kaɗan na kuɗin.

A arewacin tsibirin, wajen Kahuku, motocin jatan lande ne a jere, Giovanni's ce ta fi suna, farar mota da baƙi suka cika jikinta da rubutu. Farantin takarda ne, jatan lande goma sha biyu da ɓawonsu, sun nutse cikin mai da soyayyiyar tafarnuwa, shinkafa a gefe, yankan lemun tsami a sama. Da hannu ake ci a benci ƙarƙashin rumfa, man yana gangarowa har gwiwar hannu, kaji suna yawo a ƙarƙashin tebur kamar a tsakar gida. A ƙarshen mako kuma za ka hangi hayaƙi a gefen titi, masu gasa kazar huli huli ne a kan itacen kiawe. Kalmar huli juyawa take nufi. Wanda ya san ƙanshin garwashin ƙirya a wurin mai tsire zai tsaya ko bai yi niyya ba.

Poke ma a nan ya fi, ba a mashaya ba: ɗanyen kifin tuna da aka yanka gutsi-gutsi aka cuɗa da gishiri ko ruwan waken soya, man riɗi, albasa da ciyawar teku. A manyan shagunan cefane irin Foodland ana auna shi a sikeli, kuma za su ba ka ɗanɗano kafin ka saya. Wanda bai saba da ɗanyen kifi ba ya fara da kaɗan, kuma kada ya bar shi a mota cikin rana.

Abin sha kuwa, a nan ne wanda ba ya shan giya ya zama ɗan gata, domin komai an yi shi ne yadda yake, ba cire wani abu aka yi ba. Ɗanyar kwakwa mai sanyi a sare maka kanta da adda, in ka shanye a fasa ta ka kankare naman. Ruwan rake da aka matse da citta ko lemun tsami. POG, haɗin lilikoi da lemu da gwaba da wani kamfanin madara na Maui ya fito da shi a 1971, ana samunsa a kowane shago. A Haleiwa akwai Matsumoto, shagon da ke nan tun 1951, inda ake kankare ƙanƙara ta yi laushi kamar auduga a zuba mata ruwan 'ya'yan itace. A hanyar zuwa, kusa da Wahiawa, ga gonar Dole da daskararren abarbarta. Da safe kuma Leonard's, gidan burodin da aka buɗe a 1952, yana soya malasada, wanda in ka gan shi za ka ce fanke ne aka birkima a sukari. Kasuwar manoma ta ranar Asabar da safe a gindin dutsen Diamond Head ta tara yawancin waɗannan a wuri ɗaya.

Haɗarin alade bai ɓace ba. Mutanen Hawaii suna son naman gwangwani na Spam ƙwarai, kuma alade ne. Yana kan musubi, curin shinkafar nan da ke kusa da mai karɓar kuɗi a kowane shago, yana cikin soyayyiyar shinkafa, yana saman taliyar saimin tare da jan naman char siu. Miyar da ake jiƙa kaza ko naman sa a ciki wani lokaci ana zuba mata giyar girki ta shinkafa. Amfanin mota shi ne mai dafawar yana gabanka, abin da yake sayarwa kala uku ne ko huɗu, ka tambaya ya ba ka amsa kai tsaye. Wanda ba ya cin nama sai yankan Musulmi ya tsaya a kan kifi da jatan lande, ko ya je masallacin da ke Manoa ranar Juma'a ya tambayi 'yan'uwa inda suke saye.

Dala 15 zuwa 25 ta ishe ka ka ƙoshi har ka rage. Wahalar ita ce tafiya. Bas ɗin gari yana zuwa Haleiwa da Kahuku a kan kusan dala 3, amma zai ci maka awa biyu. Motar haya ta fi sauri, sai dai kada ka bar jaka ko fasfo a ciki, fasa gilashin motocin baƙi a wuraren ajiye mota sananniyar matsala ce. Riƙe tsabar kuɗi, kuma ka je da rana, yawancin motocin suna rufewa kafin duhu.

| | Mashayar tiki | Farfajiyar otal | Luau | Motoci da shaguna |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin mutum ɗaya | dala 40 zuwa 60 | dala 30 zuwa 80 | dala 150 zuwa 250 | dala 15 zuwa 25 |
| Ƙoshi | kaɗan | matsakaici | sosai | sosai |
| Lokacin da zai ci | awa biyu | awa ɗaya zuwa biyu | yamma guda ko wuni | yadda ka so |
| Sauƙin zuwa | wasu sai da tasi | da ƙafa | sai an kama wuri | sai mota ko bas |
| Ɓoyayyiyar barasa | babban haɗari | matsakaici | ya danganta da wurin | kaɗan, a miyar nama |
| Alade | da yawa | akwai zaɓi | shi ne babban abinci | akwai, amma a fili |
| Na tsibirin ne? | a'a | kallon kawai | rabi da rabi | ƙwarai |

Alƙaluman kiyasi ne na abin da za ka ware, kuma farashi a Hawaii sama yake yi.

Idan kai ɗalibi ne ko ka zo taro da ɗan guzurin da aka ƙayyade maka, ka ci a motoci da shaguna kullum, ka ware yamma ɗaya ka sha pina kolada maras barasa a farfajiyar otal. Haka zan yi idan na koma, kuma farantin mota ɗaya da wannan yammar a haɗe ba su kai rabin tikitin luau ba.

Idan da maiɗaki da yara ka zo, ko da Hajiya da Alhaji, ka biya kuɗin Laie a rana ta uku ko ta huɗu, ku tafi tun azahar don ku zaga ƙauyukan, ku leƙa Kahuku da ke kusa da Laie idan yunwa ta kama ku. In kuɗin bai kai na abincin dare ba, akwai tikitin shiga kawai, sai ku ci a waje.

Idan amarya da ango ne, ko kwana ɗaya tak gare ka, farfajiyar otal ta wadatar, ba mota ba jiran layi.

Idan kana cikin waɗanda ba sa zama inda ake shan giya ko kaɗan, zaɓi biyu na farko sun fita daga lissafinka, luau na otal ma haka. Laie da motocin abinci da kasuwar Asabar sun ishe ka mako guda ba ka maimaita abu ɗaya ba.

Idan kuwa tarihin abin da adonsa ne suka ja ka, ko abokan aiki sun gayyace ka kuma ka ga za ka iya zuwa, ka zaɓi tsohon wuri irin La Mariana, ka je cin abincin rana lokacin da wurin ya fi kama da gidan abinci, ka ci kifi, ka zauna inda idonka ke kan hannun mai haɗi, ka faɗa masa sunayen kwalaben nan biyu kafin ya fara.